Abin da Auta Ta Bari a Faranti

A hawa na biyu na ginin gwaje-gwaje, can ƙarshen baranda, kusa da wani famfo da ya shekara yana ɗiga ba mai kula shi, akwai ɗaki mai warin ƙullun burodi. Nan ne wurin aikin Mai Tsinke. Sunan ya bi ta ne saboda aljihun farar rigarta ba ya rabo da tsinken sakace, kuma ba don haƙoranta ba, haƙoranta lafiyarsu ƙalau. Kayan aikinta ne. Ɗalibai a gabanta Goggo suke ce mata, in ta ba da baya su ce Mai Tsinke, ita kuwa ta san da duka biyun.

Sana'arta kiwon yis. Duk wanda ta faɗa wa haka sai ya yi dariya, takan bar shi ya gama. Yis dai shi ne abin nan da ake sa wa ƙullu ya kumbura, halitta ce mai rai, ido ba ya ganin guda sai sun taru jingim. Na ɗakinta ba na ci ba ne, na karatu ne. Ita take dafa musu abinci, sukari da wasu sinadarai, ta zuba a ƙananan farantai masu murfi, ya daskare kamar kitsen da ya huce. Sai ta ɗauki tsinken da aka turara, ta ɗangwalo yis daga tsohon faranti, ta ja layi a sabo, ta sa a akwatin ɗumi. Kafin a jima fararen ɗigo-ɗigo sun tsiro, kowane ɗigo zuriyar ƙwaya ɗaya ce. In ɗalibai sun gama da faranti, ita take kai shi tukunyar tururi, wadda ba ta barin komai da rai, sannan ta wanke ta jera.

Da aikin shara ta shigo ginin. Uwarsu ta rasu ta bar mata jaririya, Auta, ita kuwa tana budurwa, don haka da ƙanwar ta tafi gidan miji, da ita ta zo neman aiki. Auta a ƙarƙashin teburin ɗakin nan ta yi wayo. In an tashi daga makaranta nan take zuwa, ta baje littattafanta a ƙasa, tana ja wa yayarta zani in ta ji yunwa. Tsohon Farfesa, mai gidan wurin a lokacin, yakan leƙo ya ce, "Mai Tsinke, wannan kiwon naki na ƙasan tebur ya fi na sama surutu." Ana haka yarinya ta girma, ta shiga jami'ar, ta gama, ta dawo ɗakin nan da tata farar rigar. Ranar Mai Tsinke ta shiga banɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta fito ta yi mata faɗan ta bar murfin faranti a buɗe.

Shekara da shekaru tana ciyar da yis, amma ba ta taɓa ganin fuskarsu ba sai da Auta ta ja ta gaban madubin da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma.

"Yaya, zo ki ga 'yan kiwonki suna zance."

"Ke dai ba ki da kunya. Matsa in gani."

Ta rufe ido ɗaya ta leƙa. Wasu 'yan ƙwallaye ta gani, dunƙule-dunƙule, wasu da ɗan ƙarami maƙale a gefensu. Auta ta ɗora haɓa a kafaɗarta ta hagu, kamar yadda ta saba tun tana ƙarama, tana yi mata bayani a kunne. Yis iri biyu ne, ba mace ba namiji. Masana suna da sunan da suke ce musu, amma Mai Tsinke da ma jan tef take manna wa farantin waɗansu, shuɗi ga waɗansu, don haka a ɗakin nan 'yan ja ne da 'yan shuɗi. Kowane yana sakin wani sinadari a kewayensa, wanda Auta ta raɗa wa suna turare, ko da yake babu hancin ɗan Adam da zai ji shi. Da ɗan ja ya ji turaren ɗan shuɗi, sai ya tsaya cak, ya daina haihuwa, ya fara miƙa jikinsa wajen da ƙamshin yake fitowa. Shi ma wancan yana miƙowa. In sun taɓa juna sai su narke su zama guda. Daga ranar kuwa ko turaren duniya za ka zuba masa bai san kana yi ba, sai ci da haihuwa.

"To in masu kiran sun yi yawa fa?" in ji Mai Tsinke, ba ta ɗaga ido ba.

"Wanda turarensa ya fi ƙarfi shi ake bi."

"Ashe su ma ba su da hankali. To ke ma sai ki bi mai shagon maganin nan, tun yana bakin titi nake jin ya iso."

Auta ta tuntsire da dariya har ta kusa ture madubin. Samari biyu take da su a lokacin, mai shagon magani da yake wanka da turare, da wani malamin makaranta da sai ka kasa kunne kake jin sallamarsa. Ta ce, "Ni ba yis ba ce, Yaya. Malam nake so."

Aikin Auta kuwa a kan wanda bai zo ba ne. Yis na yau da kullum, in ya ji turare ya miƙa ya miƙa bai tarar da kowa ba, yakan haƙura. Yana da abin da yake kashe ƙamshin da shi, ya kuma kwantar da kansa, ya koma harkarsa. Auta ta yi wata da watanni tana fama har ta cire wa wasu 'yan ja wannan abin haƙurin. Su ba su san a fasa ba. Ta kira su masu jira.

Akwai gwajin da ake nuna su da shi. A shafe faranti da yis kaf, sai a ɗora 'yar takarda kamar maɓallin riga a tsakiya, wadda aka jiƙa da turaren kwalba. Turaren haɗi ne, na masana'anta, babu wani ɗan shuɗi a bayansa. In an buɗe akwatin ɗumi sai a ga faranti ya yi fari fat, ban da kewayen takardar, inda suka ji kira suka tsaya. Nan fili ne wayam, zagayayye. Na yis ɗin kowa, filin ɗan siriri ne. Na Auta ya kusa cin rabin faranti. Mai Tsinke ta leƙa na bakin filin a madubi, ta ga sun yi tsawo sun lanƙwashe, wani ya miƙa ta nan bai samu ba ya sake miƙawa ta can, a haka suke har su mutu.

"Wannan ai zalunci ne, Auta. Ki kira bawan Allah alhali ba kowa."

"Yaya, yis ba shi da zuciya. Ba ya jin komai."

"Ke kika shiga cikinsa?"

Abin da Auta ta gano ne za ta je ta nuna a wani taro, a wata jami'a mai nisan wuni guda a mota. Mai Tsinke da mijinta, tela ne, su suka raka ta tasha da safe. Ta samu kujerar taga, ta leƙo tana cewa a kula mata da masu jira, kada a bar su su bushe. Motar ta tashi a kan idonsu, kuma ba ta isa ba. Ba a ga ta kife a wani kwari ba, ba a ga ta ƙone ba, ba wanda ya bugo waya ya ce ga shi ga abin da yake so. Mota guda da mutanenta, kamar ƙasa ta buɗe ta haɗiye. Tela ya rufe shago suka bi asibitoci da ofisoshin 'yan sanda, aka yi ta ɗaga musu mayafi suna duba fuskokin 'ya'yan wasu.

Mutuwa tana da kabari, ka je ka tsaya ka yi addu'a ka juyo gida. Ɓata ba shi da wurin tsayawa, shi ya sa ya fi ta ciwo. Da shekaru suka ja, dangi suka taru suka yi wa Auta addu'a irin ta mamaci. Mai Tsinke ba ta hana ba, amma ta shige ƙuryar ɗaki, kuma duk wadda ta leƙo ta ce mata ya haƙuri, sai ta amsa da ya gida ya yara. Malamin makarantar ya jira iya jiransa. Ran nan ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, da muryar nan tasa da ba a ji, ya ce iyayensa sun matsa masa. Ta ce Allah ya sanya alheri. Har yau in ta hango shi a titi da 'ya'yansa sai ta tsallaka ɗaya hannun, ta kuma san ba laifinsa ba ne.

A ƙa'ida kowane irin yis ana daskarar da shi a firiza mai tsananin sanyi, ya yi shekaru yana barci. Wata shekara wuta ta ɗauke ta daɗe, injin ba da wuta na ginin ya ƙi tashi, firizar ta narke da duk abin da ke cikinta. Farfesa ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Masu jira ne kawai suka tsira, saboda Mai Tsinke ba ta taɓa yarda da firiza ba. Tun ranar tasha take ɗauke su daga faranti zuwa faranti kafin abincinsu ya ƙare, ko tana zazzaɓi, ko ana hutu, ko ma'aikata suna yajin aiki an garƙame ƙofa sai ta roƙi mai gadi. Farfesa ya yi ritaya. Ba wanda ya ci gaba da binciken Auta. Sau ɗaya a shekara ake fito da masu jira a nuna wa sababbin ɗalibai gwajin fili, shi ke nan amfaninsu ga jami'a.

Mai Tsinke kuwa da safe in ta buɗe akwatin ɗumi, farantin masu jira take fara gaidawa. Kuma akwai abin da ba ta faɗa wa kowa ba sai Tela. Da tsakar rana, in ɗalibai sun watse cin abinci, baranda ta yi tsit sai ɗigar famfo, in ta ɗaga farantin ga hasken taga, takan ji kafaɗarta ta hagu ta yi nauyi. Nauyi ne daidai na haɓar mutum. Ba ta juyawa. Takan tsaya ƙyam, ta rage numfashi, har abin ya ɗaga da kansa. Tsoro yakan kama ta, amma ranar da bai zo ba sai ta koma gida ba ta iya cin abinci. A ranta ta riga ta yanke cewa muddin waɗannan suna raye suna jira, maganar Auta ba ta rufu ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai, wato ranar da ɗalibai suka gama gwaji, aka tara mata farantai ta kai tukunya. Kowane da filinsa, kowane cike da bayin Allah da suka miƙa jiki ga takarda. Sai ta ƙirƙiro wata al'ada tata ita kaɗai. Kafin ta kai su tururi, takan ɗauko 'yan shuɗi na gaske, ta ɗangwala da tsinke ta taɓa bakin filin kowane faranti, ta mayar akwatin ɗumi su kwana. Washegari ta kashe su da kwanciyar rai. Mutuwa dai dole ce, amma ba za su mutu da hannu a miƙe ba.

Tela ya ji labarin yana kan keken ɗinki, ya yi dariya har zare ya tsinke.

"Ashe liman nake aure ban sani ba. Yau aure nawa aka ɗaura? Wa ya yi waliyyi?"

"Yi ta yi. Ranar da na ɗaura naka da wata za ka sani."

"A'a, ni na riga na haɗu, turare ba ya kama ni."

Haka aka yi ta yi, shekara bayan shekara, ba a taɓa samun matsala ba. Amma ido ba ya tsufa da sallama. Mai Tsinke ta fara nesanta faranti da fuskarta kafin ta gani, aka ce ta yi tabarau ta ce ita ba tsohuwa ba ce. A shekarar da abin ya faru, ranar ɗaurin aurenta ta faɗo daidai da ranar sauya wa masu jira faranti, ta yi duka biyun a tebur ɗaya. Ko tsinke ɗaya ne ya yi aiki biyu, ko murfi ne ya koma kan farantin da ba nasa ba, har gobe ba ta sani ba. Sannan tana da wata ɗabi'a ta masu kiwo. In za ta ɗiba, ɗigon da ya fi ƙiba da sheƙi take zaɓa. Ta kuwa ga wani ya fito tuɓul-tuɓul, ta ɗauke shi da murna, ta kai tsohon farantin tukunya. Har gida ta kai labari, wai bana 'yan Auta sun yi kyau. Nauyin kafaɗa ya daina zuwa tun wajen lokacin, ta ɗauka ko fushi aka yi da ita.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekara ta zagayo, sababbin ɗalibai suka shafa farantansu suka ɗora takarda. Mai kula da wurin yanzu wata Dakta ce matashiya, mai saurin tafiya da saurin magana, ba ta san Auta ba sai a labari. Aka buɗe akwatin ɗumi a gaban aji. Farantai fari fat, tun daga baki har jikin takardar, ko siririn fili babu. Mai Tsinke ta ɗauki na farko ta ajiye, ta ɗauki na biyu, ta bi su duka.

Dakta ta ce wataƙila turaren ne ya lalace. Ta gwada shi a kan wasu 'yan ja na yau da kullum da ta zo da su, ɗan filinsu ya fito sarai. Sai ta ɗebi masu jira ta sa a madubi, ta daɗe tana kallo. Ta sallami ɗalibai, ta rufe ƙofa.

"Goggo, zauna. Waɗannan sun haɗu. Kin ga girmansu? Ɗan shuɗi ya taɓa shiga farantin nan?"

Mai Tsinke ta faɗa mata komai, tana kallon ƙasa. Da ta zo kan ɗaurin aure Dakta ta fara murmushi, sai ta ga fuskar matar, murmushin ya koma.

"Ba wani tsohon faranti? Ko ɗaya?"

"Na dafa shi."

Garin neman gira an rasa ido. Abin da wuta da yajin aiki da zazzaɓi ba su iya ɗauke mata ba, tausayinta ya ɗauke. Ta zauna a kujerar nan ta ji kamar yau ne motar ta tashi.

Dakta ba ta yi faɗa ba. Ta ce darasi ba zai tsaya ba, 'yan ja na kowa ma sun isa a koyar, in kuma ana son masu babban fili za ta roƙo irinsu daga wata jami'a. Mai Tsinke ta ce irinsu ba su ba ne. Dakta ta riƙa juya biro a hannu, kamar mai shawarar ko ta faɗa ko ta bari.

"Akwai hanya. In aka hana waɗannan abinci, yunwa ta kai musu iya wuya, kowane yakan dunƙule ya rabu huɗu a cikin 'yar jaka. A cikin 'ya'yan nan za a samu 'yan ja da suka gaji halin. Ba su ba ne fa, Goggo, jikoki ne, da jinin shuɗi a jikinsu. Amma za su jira kamar na da." Ta ajiye biron. "Ni ba na bukatarsu. In kin ce a yi, zan yi miki."

Da la'asar Mai Tsinke ta tarar da Tela yana yanka yadi a kan tabarma. Ya saurare ta har ƙarshe, bai yi ko ɗaya daga cikin barkwancinsa ba.

"Ki bar su," in ji shi. "Shekara nawa kina kukan ana kiransu ba kowa? Yanzu Allah ya haɗa su da hannunki, sun ƙoshi, sun huta. Sai kuma ki sa musu yunwa don ki samo waɗanda za su sha wahalar daga farko?"

"Ta ce in kula mata da su."

"Kin kula. Wallahi kin kula, ba wanda zai ce ba ki yi ba." Ya ajiye almakashi. "Ni ma na goya ta, kin sani. Amma Auta ba ta cikin farantin nan."

"Na sani."

"To?"

"To ina take?"

Tela ya ɗauki almakashin ya ci gaba da yanka, sai daga baya ya ga ya bar layin alli da nisa.

Abincin yunwa ma dafa shi ake yi, kuma aikinta ne. Ruwa, da abin daskarewa, da wani gishiri, babu sukari, babu abin gina jiki. Hannunta ya kai ga gwangwanin sukari don sabo, ta janye shi. Tun da take ba ta taɓa zuba faranti irin wannan ba, ya fito garau kamar ba komai a ciki. Ta ɗebo ƙosassun nan ta shafa a kai. Kullum da safe sai ta leƙa su a madubi, da tabarau ɗin da ta je ta yanka ba ta gaya wa kowa ba, tana ganin suna ramewa suna dunƙulewa. Ta san ba don ilimi take yi ba, ba kuma don Auta ba. Don kanta take yi, kuma sanin hakan bai hana ta ba.

Da jakunkunan suka nuna, Dakta ta zauna da wata allurar gilashi da ta fi gashi siranta, ta yi ta raba 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a faranti mai abinci. Suka tsiro layi-layi. Aka shafa kowane a nasa farantin, aka ɗora masa takardar turare. Ranar buɗewa Mai Tsinke ta riga kowa zuwa, amma ba ta taɓa akwatin ba sai da Dakta ta iso. Wasu fari fat. Wasu da siririn fili. Sai ga wani, filinsa ya kusa cin rabin faranti.

Daɗi ya kama ta, daɗi na gaske, irin wanda ta manta da akwai shi. Ta rungume Dakta har farar rigarta ta yamutse. Kunya ta biyo baya, amma daɗin ya fi ta ƙarfi. Nan take ta ware musu sabon faranti ta manna jan tef. Sannan ta kwaso duk 'yan shuɗin da ke ɗakin a tire, ta roƙi Dakta a kai su hawa na ƙasa, a samu wani ya riƙa kula da su, kada su sake kwana ɗaki ɗaya da waɗannan.

Saura farantan gwaji, waɗanda aka gama da su. Ta ɗangwalo daga bakin babban filin ta sa a madubi. Suna nan yadda ta san su, dogaye, lanƙwasassu, kowane ya miƙa wajen takarda. Ta daɗe a sunkuye. A hankali ta ce, "Ku yafe ni."

Tana jera su a kwandon tukunya Dakta ta leƙo da jakarta a kafaɗa. Ta ga farantan, ta ga ba a mayar da su akwatin ɗumi ba.

"Goggo, yau ba ɗaurin aure? In tsoro kike ji, sai a yi a ƙasa, ni zan riƙe miki tsinken."

"A'a, 'yar nan. An daina."

Ta sauke kwandon a cikin tukunya, ta ja murfin ta ɗaure shi tam, ta kunna. Dakta ta ɗan tsaya a bakin ƙofa, sannan ta tafi. Mai Tsinke ba ta koma wanke-wanke ba kamar yadda ta saba. Ta tsaya a gaban tukunyar, tafin hannunta a kan murfin, har ƙarfen ya yi zafin da ba ta iya riƙewa.